Majami'armu ta ce ni zan sauki baƙi daga Ingila, amma raina bai kwanta ba

Maman Tagwaye:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar Lahadi. Da aka tashi sujada, shugabar zumuntar mata ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce wasiƙa ta zo daga wata majami'a a arewacin Ingila. Wani iyali za su ƙauro nan Adelaide ta Ostireliya a watan Yuli, miji da mata da yara uku. Matar nas ce kamar ni, ta sami aiki a wani asibiti. Fastonsu ya rubuto yana roƙon a karɓe su hannu biyu. Tunda tagwayena sun tafi jami'a ɗakuna biyu suna zaune ba kowa, sai aka ce ni zan taro su a filin jirgi, su zauna wurina mako biyu ko uku kafin su sami haya.

Bakina ya ce to, zuciyata ba ta ce ba. Shekara tara ke nan da na sauka a garin nan da akwati biyu da yara biyu, ko kare bai tare ni ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi a wani masaukin kuɗi muna cin burodi da shayi. Sau biyu na zauna jarrabawar Turanci kafin a amince da takarduna, ni da aka koyar da ni da Turanci tun firamare. Ita wannan da za ta zo ba wanda zai nemi wannan jarrabawa a wurinta. To me Bature ya rasa a Ostireliya da har sai ni zan ba shi ɗakina? Ku faɗa mini gaskiya, ko da za ta yi ɗaci.

'Yar Kafanchan:
Yaya, ni dai na fahimce ki sarai. Da iyalin 'yan gudun hijira ne daga Sudan ko Kwango, ni da kaina zan kawo miki katifa. Amma waɗannan harshensu ɗaya da 'yan gari, abincinsu ɗaya, har sarkinsu ɗaya. Su kama otal mana.

Kawun Yara:
'Yata, sannu da wahalar da kika sha. Amma baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma farar fata ba ta nuna wa mutum motar da zai hau zuwa asibiti ranar farko. Ba zan ce ki yi ko kada ki yi ba. Ki dai raba abu biyu: haushin abin da aka yi miki, da matar nan da ba ta san an yi ba.

Maman Tagwaye:
Kawu, abin da ya ƙara rikita ni ke nan, don akwai abin da ban faɗa ba. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, can wajen garin Elizabeth da ke arewacin Adelaide, kusan rabin waɗanda nake dubawa haifaffun Birtaniya ne. Akwai wata tsohuwa da nake kira Kaka. Jiya ina shafa mata mai a ƙafa na ba ta labarin, har da ƙorafina. Ta yi shiru, sai ta ce in buɗe durowar gefen gadonta. Na sami wani guntun kwali, ya yi laushi kamar tsumma, an rubuta sunan mijinta a jiki da baƙin fenti.

Ta ce a 1959 suka zo, tana da goyon wata bakwai. Garinsu na masaƙu ne a Lancashire ta arewacin Ingila, masaƙun kuma suna ta rufewa. Wata ƙaramar majami'ar Methodist ta nan ce ta ɗauki nauyinsu, mutanen da ba su taɓa ganinsu ba, sai wasiƙu. Kusan mako biyar suka yi a teku. Da jirgi ya tsaya a Outer Harbor, tashar jiragen ruwa ta Adelaide, ta leƙo ta ga taron jama'a, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta ce wa mijin ita ba za ta sauka ba. Sai ta hango wani dattijo da hula a hannu ɗaya, kwalin nan a ɗaya hannun, ya ɗaga shi sama. Ya kai su wani ɗan gida. A kicin an ajiye ganyen shayi da sukari da madara da burodi, an aro gadon jariri an yi shimfiɗa. Ranar Litinin dattijon ya raka mijin wurin aiki da ƙafarsa.

Ta ce akwai iyalin da suka shaƙu da su a jirgi, su ba su da mai masauki, aka kai su sansanin baƙi na Pennington. Da shekara biyu ta cika suka tattara suka koma. Ita kuwa ga ta nan da jikoki da tattaɓa-kunne. Dattijon ya daɗe da rasuwa, amma kwalin yana durowarta. Na dawo gida na kasa barci.

Tsohon Malami:
Maman Tagwaye, Kakarki ta ba ki tarihi daga bakin mai shi. Bari in ɗan cike gefen da na sani, don a ga cewa abin tsari ne aka yi, ba dacen mutum ɗaya ba.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Ostireliya duka ba su kai miliyan 8 ba, ga ƙasa kamar ba ta da iyaka, ga shi Japan ta yi wa garin Darwin ruwan bama-bamai a 1942. Tsoro ya kama su. A 1945 aka buɗe ma'aikatar shige da fice, Arthur Calwell ya zama ministanta na farko, kiransa kuwa shi ne ko ƙasa ta cika da mutane ko ta hallaka. Suka daidaita da Birtaniya: babba ya biya fam 10 kacal, ƙananan yara kyauta, gwamnati ta cike sauran kuɗin jirgi. Daga 1947 aka fara kwasa sosai. Ingila a lokacin tana cikin ƙunci, bam ya rushe gidaje, abinci da kati ake saye, nama ma sai 1954 aka sake shi. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka bi wannan hanya, har ana yi musu laƙabi da 'yan fam goma. Sharaɗin shi ne ka zauna shekara biyu. In ka juya kafin nan, sai ka biya kuɗin da aka kashe wajen kawo ka, ka kuma biya na komawa. Abin da ya sa abokan Kaka suka jira shekara biyu ke nan.

Masu zuwa iri biyu ne. Akwai wanda wani ya tsaya masa, ɗan'uwa ko ma'aikata ko ƙungiya, ya sa hannu cewa zai ba shi wurin kwana. Akwai wanda gwamnati ce ta kawo shi, shi sansani ake kai shi. Ɗakunan sansanin da yawansu na kwano ne irin na soja, kamar an tsaga ganga biyu an kifa. Da rani tanda, da hunturu ƙanƙara. Banɗaki na haɗaka, abinci a layi, ana kuma cire kuɗin zama daga albashi. Macen da ta saba da murhunta, a ce ba za ta dafa wa 'ya'yanta ba, wannan kaɗai ya isa ya karya zuciya.

Gwamnati ta gane cewa wanda aka tara a gida ya fi zama. A 1950 aka kafa majalisun maƙwabtaka ta gari, waɗanda suka tattaro majami'u da ƙungiyoyin mata da na sa-kai don karɓar baƙi. A 1957 kuma aka ƙaddamar da kamfen mai suna Bring Out a Briton, wato kowace unguwa ta kawo nata ɗan Birtaniya. Majami'u da kulob irin su Rotary suka riƙa zaɓen iyali, su nema musu gida da aiki. Shekarar da Kaka ta faɗa ta faɗo daidai cikin wannan lokaci. Shi kansa garin Elizabeth a 1955 aka kafa shi, baƙin nan ne suka cika shi, da yawansu suka yi aiki a masana'antar motoci ta Holden da aka rufe a 2017.

'Yar Kafanchan:
Malam, to ashe har su ma suna komawa? Ni na ɗauka da sun sauka shi ke nan sun shiga daula.

Tsohon Malami:
Suna komawa ƙwarai, ƙanwata. Masu bincike na ƙiyasta kusan ɗaya cikin huɗu sun juya. Kewar uwa da 'yan'uwa ce kan gaba, musamman ga matan da ke wuni a gida miji na wurin aiki. Waya tsada, wasiƙa sai ta yi makonni. Ga Kirsimeti cikin zafin Disamba da ƙudaje. 'Yan gari kuma suna yi musu gorin cewa sun cika mita. Wasu sun koma Ingila suka tarar ba gurbinsu, suka sake biyan kuɗi suka dawo. Waɗanda suka zauna kuwa, ai kin ga Julia Gillard: a Barry ta yankin Wales aka haife ta, iyayenta suka kawo ta nan Adelaide a 1966, ta zama firaminista a 2010.

Baƙon Leeds:
Malam, da girmamawa, an faɗi rabi an bar rabi. Wa aka yi wa wannan shimfiɗa? Tun 1901 dokar ƙasar ta toshe ƙofa ga wanda ba fari ba. Jami'i zai karanto maka kalmomi 50 da duk harshen Turai da ya ga dama ya ce ka rubuta, in ka kasa a juya da kai. Sai 1958 aka soke wannan gwaji, manufar kanta kuwa sai 1973 aka binne ta. Calwell da kansa ya ce burinsa duk baƙo ɗaya daga wata ƙasa a samu goma daga Birtaniya. Da Maman Tagwaye ce ta rubuta wa majami'ar nan wasiƙa a 1959, ko dattijon ya so ɗaga mata kwali, ba za a bar ta ta hau jirgin ba. Kuma filin da aka gina gidajen, na mutanen Kaurna ne, 'yan asalin yankin, waɗanda ba wanda ya nemi izininsu. Don haka haushin da take ji yana da tushe, kada a sa ta ji kamar ita ce mai ƙaramar zuciya.

Tsohon Malami:
Ban musa ko ɗaya ba, ɗana. Ka cike abin da na bari.

Goggon Perth:
Tunda an buɗe wannan shafi, bari in ƙara wanda ya fi ci mini rai, don a jiharmu ta Yammacin Ostireliya aka yi mafi muninsa. Ba iyalai kaɗai aka kawo da sunan majami'a ba. An kwaso dubban yara daga gidajen marayu na Birtaniya, ba uwa ba uba, ta hannun ƙungiyoyin addini da na agaji. Da yawa an ce musu iyayensu sun mutu alhali suna raye. A gidajen yara irin na Bindoon, yara ƙanana ne suka yi aikin ginin da hannunsu, ga duka, ga cin zarafin da baki ba zai iya faɗa ba. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a daga Nottingham, Margaret Humphreys, ita ta tono zancen, ta kafa gidauniya a 1987 tana haɗa su da danginsu. Firaministan Ostireliya Kevin Rudd ya nemi gafara a 2009, na Birtaniya Gordon Brown ya nema a 2010. Na taɓa zama kusa da wani tsoho a cikinsu a wurin jana'iza, ya ce mini ya gano mahaifiyarsa ne bayan an binne ta da shekara biyu. Ni Kirista ce, a majami'a na tashi, kuma wannan abu yana sa ni sunkuyar da kai.

Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, duk inda aka ce an ɗauki nauyin mutum, a tambaya: in an cuce shi, wa zai kai wa kuka? Iyalin Kaka suna da bakin magana, suna iya tashi su bar gidan. Yaran nan ba su da kowa.

Maman Tagwaye:
Goggo, jikina ya yi sanyi. Akwai wani tsoho a wurin aikinmu da ba ya yarda a rufe masa ƙofa da dare, ba ya kuma son ganin mai baƙar riga doguwa irin ta limaman coci. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da yayye, daga Kumasi. Ni ban taɓa taka Ostireliya ba, amma duk abin da Kaka ta faɗa na gane shi, don a gidan mai masauki na tashi. Kakana fataken goro yake saukewa. Baƙo zai iso daga Kano ko Sakkwato bai san kowa ba, a nuna masa gidanmu. A ba shi ɗaki da tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da dillali, in ciniki ya zo da bashi mai gida ne zai tsaya masa. In ya yi rigima mai gida ake nema wurin sarkin zango, in ya mutu shi zai yi masa sutura. Ba a tambayar ko talaka ne ko mai hali. Wani baƙon ma ya fi kakana kuɗi nesa ba kusa ba, amma daren farko duk ɗaya suke, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa da wanda zai ce masa kada ka bi ta lungun can.

Sai dai akwai ƙa'ida, Hajiya... afuwan, Mama. Baƙo raɓa ne. Tun ranar da ya sauka an san ranar tashinsa, ko ranar da zai kama nasa ɗakin. Saukar da ba ta da wa'adi ita ke ɓata zumunci.

Malam Na Sydney:
Ɗan Zango ya tuna mini da Madina. Da Muhajirai suka iso, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansar, mutum da mutum. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Abin da nake so ki duba, 'yar'uwa, shi ne ba a ce jama'a su karɓi jama'a ba, suna aka haɗa da suna. Kwalin Kaka ma suna ne a jiki. A masallacinmu mun gwada kafa kwamitin baƙi, kowa ya zata wani ne zai je filin jirgi, wani ɗalibi ya kwana a kan benci. Tun daga ranar muke rubuta sunan mutum ɗaya a gaban kowane baƙo.

Baƙon Leeds:
Ni fa ban ce kada ta sauke su ba. Cewa nake majami'ar ta amsa tambaya ɗaya: shekara tara da suka wuce ina zumuntar matan take? In wasiƙar fasto daga Ingila tana buɗe ƙofa, ta fasto daga Kaduna ko Juba ma ta buɗe. A nan Birtaniya tun 2016 aka fara tsarin da unguwa ko majami'a ko masallaci za su ɗauki nauyin iyalin 'yan gudun hijira, har Akbishop na Canterbury ya saukar da iyali 'yan Siriya a wani gida cikin harabar fadarsa ta Lambeth a London. Kanada ta riga kowa, tun ƙarshen shekarun 1970 da 'yan Vietnam, kuma 'yan majami'ar Mennonite na cikin na farko da suka sa hannu. Dabarar ɗaya ce da wadda aka yi wa su Kaka, an dai faɗaɗa ƙofar ne. To a faɗaɗa ta a majami'arku ma.

Maman Tagwaye:
Ƙanena, a nan dole in yi musu adalci. Lokacin da na zo ba su san da ni ba, ban zo da wasiƙar kowa ba, sai bayan wata huɗu na fara shiga majami'ar. Amma tambayarka tana nan daram, kuma zan kai ta taron dattawa yadda ka faɗe ta.

'Yar Kafanchan:
Yaya, na sauko daga inda na hau. In kin yanke za ki yi, ina da barguna huɗu. Yuli tsakiyar sanyi ne, su kuma za su baro rani, ga gidajen nan ba abin ɗumama ɗaki a ko'ina irin nasu na can. Za su ji sanyin cikin gida fiye da yadda suke zato.

Goggon Perth:
Ki tambayi shekarun yaran tun yanzu. Doka ba ta yarda a ɗauki yaro ƙasa da shekara bakwai a mota ba tare da kujerarsa ba, kada ki je filin jirgi ki rasa yadda za ki yi. Ki gaya musu kada su sako abinci ko iri ko takalmi mai laka a kaya ba tare da sun bayyana ba, jami'an nan ba sa wasa. Makaranta kuma a nan ƙarshen Janairu ake fara shekara, yaran za su faɗo a tsakiya, sai an lallaɓa su. Kuma kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Wata ta ɗauki cefane, wani ya ɗauki zirga-zirgar duba gidajen haya, don neman haya yanzu shi ne babban tashin hankali, masu gida suna son ganin tarihin haya na cikin ƙasa wanda baƙo ba shi da shi. A nan ne sa hannun wani dattijon majami'a zai yi amfani.

Kawun Yara:
Ki kuma faɗa musu wa'adin tun a waya, kamar yadda Ɗan Zango ya ce, da fara'a amma a fili. Ki bar matar ta shiga kicin ta dafa wa 'ya'yanta abin da suka saba.

Maman Tagwaye:
'Yan'uwa, na dawo da labari bayan mako bakwai. Na kai maganar taron dattawa. An ɗan yi shiru, wani ya so ya kauce, amma matar fasto ta ce gaskiya ce. An buɗe littafi, an rubuta sunayen gidaje shida da suka yarda su sauki baƙo daga ko'ina ya fito, da wasiƙa ko babu. Gida na biyu a jerin ya riga ya karɓi wata ɗaliba 'yar Kenya.

Baƙina sun iso ranar Alhamis da safe. Na yanki kwalin madara na rubuta sunansu da alƙalamin allo. Mijin ya fito yana tura akwatuna tara a kan kura biyu. Matar na rungume da ƙaramin, wanda ya yi amai a rigarta tun a jirgi. Da ta ga kwalin sai ta tsaya cak, mutane suna ratsa ta, ta fashe da kuka. A mota take gaya mini mahaifiyarta na fama da ciwon mantuwa, ta baro ta wurin ƙanwarta, ba ta san ko za ta gane ta ba in ta koma. Na yi musu shinkafa da miya ban sa yaji ba, babban yaron ya ƙara sau biyu, ta tsakiyar ta ƙi ci sai burodi.

Na gaya wa Kaka. Ta ce in kawo mata su ranar Lahadi bayan sujada, tana so ta ji muryar mutanen gida, ta kuma ce in tambayi matar ko har yanzu ana cin kasuwar Bury ta can yankinsu ranar Asabar. Sun duba gidaje biyar ba su dace ba tukuna, akwai na shida jibi a unguwar Salisbury. 'Yar Kafanchan, bargunan sun yi amfani, amma ƙaramin yana tari da dare. In akwai mai hita ƙarama da ba ya amfani da ita a nan arewacin gari, zan biyo in karɓa in na tashi aiki ƙarfe uku.